Shekarar da Na Hana Ƴata Gudu

Abubuwa da yawa sun faru da ni na manta da su, har da waɗanda ya kamata in riƙe. Amma ranar da na tsaya a bayan shingen wani fili a Magarya, da gorar fura a hannuna, ina kallon ƴata tana jarrabawar gudu da tsalle, wannan ranar ba ta fita daga kaina ba, kuma na san ba za ta fita ba har in koma ga Allah. Shekaru sun wuce, yarinyar ta girma, ita kanta tana ba da labarin tana dariya. Ni kuwa har yau bai taɓa ba ni dariya ba.

Bari in fara da faɗin irin mutumin da nake, don a gane yadda aka yi. Ni manomi ne a wani ɗan ƙauye kusa da Waca. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, ban samu takardar sartifika ba, na dawo gona. Ina karanta takarda a hankali, ina rubuta wasiƙa in ba a tsaya a kaina ba. Kuma ni mutum ne mai yawan damuwa. In na ɗaure jaki na tafi, sai na dawo na duba igiyar. In na yi alwala, sau da yawa sai na sake, don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba. Matata takan ce da ana shuka damuwa, da rumbunmu ya fi na kowa cika a ƙauyen.

Yarinyar da nake magana ita ce ƴata ta fari. Kowa ya san yadda muke da ɗan fari: ba na faɗin sunanta, ba na zama hira da ita, in ina da magana sai in bi ta wajen uwarta. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka tarar. A zuciyata kuwa ba wanda nake alfahari da shi kamarta. Ita kaɗai ce a gidanmu ta wuce inda na tsaya, ta shiga kolej a Waca, tana tafiya a ƙasa ta dawo a ƙasa. A shekarar da nake ba da labari tana ajin ƙarshe, za ta yi jarrabawar birebe, wato takardar gama kolej. In ta samu, za ta wuce gaba, tana son ta zama malamar lakwal. In ba ta samu ba, kowa a gidan ya san abin da zai biyo baya ko da ba a faɗa ba: karatun ya ƙare ke nan.

Shekarar ba ta zo mana da sauƙi ba. Ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, abin da muka girbe bai kai rabin na bara ba. Matata kuma tun haihuwar autanmu bayanta ya riƙe, ba ta iya jan guga. Ruwan gidan duka ya koma kan yarinyar. Kafin rana ta fito ta je rijiya sau uku, ta daka, sannan ta ɗauki jakarta ta kama hanya.

Shekara uku kolej ɗin nan ba shi da malamin wasannin motsa jiki, abin da yara ke cewa ispor. A shekarar ne aka aiko wani saurayi daga Damagaram, dogo, siriri, da usur a wuya. Ya ce Talata da Alhamis kowane yaro ya zo fili tun ƙarfe bakwai, kafin rana ta yi zafi.

Ni abin da na sani game da ispor shi ne abin da na gani a zamanina. A lakwal ɗinmu, in mushe, wato malami, ya ce lokacin ispor ya yi, abu biyu ne. Ko dai a kai mu gonar gyaɗar direkta, shugaban lakwal, mu yi noma, ko kuma wanda ya makara a sa shi ya zagaye kilas, wato aji, da gudu har ya faɗi. A kaina, ispor ko aiki ne ko horo. Ban taɓa sanin yana da fuska ta uku ba.

Wata Talata na yi sammako zuwa Waca in kai wake, hanya ta bi da ni ta gefen kolej. Sai na ga yara sun fi arba'in suna gudu a fili, maza gaba, mata baya. Na tsayar da jaki. Na duba gabansu, ban ga abin da suke bi ba. Na duba bayansu, ban ga abin da ya koro su ba. Suka zagayo, suka wuce ni, suka sake zagayowa. Can a ƙarshen layi na hango ƴata, zufa ta jiƙe mata hijabi. Wannan yarinyar da na san abin da ta sa a cikinta da safen nan: ragowar tuwon jiya, wanda bai cika tafin hannu ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe san noma ya san in abinci ya yi ƙaranci ba a wahalar da shi a banza, ana adana ƙarfinsa don ranar huɗa. Lissafin da na yi ke nan a tsaye a wurin. Ƙarfin da ke jikin yarinyar nan daga rumbuna ya fito, rumbun kuma ba zai kai damina ba. Ga shi ana zubar da shi a kan rairayi, ba ruwa aka ɗebo ba, ba itace aka yo ba.

Kwana uku ina juya maganar kafin in samu ƙarfin zuwa wajen mushen. Na same shi a gindin bishiya yana hura ƙwallo. Muka gaisa, ya ba ni benci.

Na ce, "Mushe, tambaya gare ni, don Allah kada ka ɗauka raini ne. Gudun nan da yaran ke yi, ina za su?"

Ya yi dariya. "Ba inda za su, Baba. Zagaye ne."

"To in an zagayo, me ake samu?"

Ya fara yi mini bayani, numfashi, jini, ƙashi, wai har karatu yana ƙara shiga kai. Ina gyaɗa kai, amma rabin maganar ta bi iska, don ni ina jiran ya gama in faɗi tawa. Da ya tsaya na ce masa in don motsa jiki ne, ƴata ta riga ta motsa nata kafin ya tashi daga barci. Na lissafa masa rijiya, na lissafa masa turmi, na lissafa masa tafiyar ƙasa. Na roƙe shi ya ɗauke mata.

Ya ce, "Wanda ake ɗauke wa shi ne marar lafiya, da takardar likita."

Na ce, "Lafiyarta ƙalau. Ba zan je in yi wa likita ƙarya ba, ina tsoron Allah."

"To ka gani, Baba, sai ta zo."

Sai wata dabara ta faɗo mini, wadda a lokacin na ga ta fi kowace dabara adalci. Na ce, "Mushe, tunda zufa ake nema, ka rubuta mata makin ɗibar ruwa. In ba ka yarda ba ka zo rijiya da kanka ka gani."

Ya ajiye ƙwallon, ya dube ni, na ga yana ƙoƙarin danne dariya. Ya ce, "Baba, ko na rubuta, ranar jarrabawa ba ni zan auna ba, baƙi za a kawo. Kuma ban taɓa ganin an ɗauko rijiya an kai filin jarrabawa ba."

Na ɗauka barkwancin ƴan birni ne. Jarrabawa a sanina takarda ce da alƙalami, mutum a zaune. Yaya za a yi gwamnati ta auna gudu? Muka rabu yana cewa in yi tunani, ni kuma na tafi da zaton mun kusa daidaitawa.

Don in tabbatar, na tambayi taubashina, ɗan ƙanwar babana, mai kabu-kabu da moto, wato babur, tsakanin Waca da Magarya. Shi ne nake ganin ya san duniya. Ya kwashe da dariya ya ce, "Kai dai kullum a ruɗe kake kamar kazar da aka saya yau. Wa ya taɓa samun takarda don gudu? Sai soja!" Maimakon hankalina ya kwanta sai ya ƙara tashi. Na yi kwanaki ina tunanin ko soja ake shirin kwasar yaran nan, har da mata, ba a faɗa mana ba.

A ƙarshe na yanke. Na ce wa uwarta, "Ki gaya wa yarinyar nan, Talata da Alhamis ta gama aikinta a tsanake, ta isa lakwal ƙarfe takwas in an shiga kilas. Gudun nan ba da ita ba."

Matata ta ce, "Malam, ka tambaye ta?"

Na ce, "Me zan tambaya? Sauƙi na nema mata."

Aka gaya mata. Ina daga zaure na ji ta ce, "To." Kalma ɗaya. Na ji daɗi har cikin raina, na ce ga ƴa mai biyayya, ga uba mai tausayi. In na tuna wannan jin daɗin yanzu, shi ya fi komai ba ni kunya.

Sau biyu mushen ya aiko mini da takarda ta hannunta. Na karanta, na sake karantawa, na gane yana cewa yarinyar tana rasa darasi kuma abin zai cuce ta. Kada in yi ƙarya, ban jefar ba. Na ninke su na sa a aljihun rigar Juma'a. Kullum sai in ce gobe zan koma in same shi, in gari ya waye sai in tuna rumbu, in tuna bayan uwarta, in ce bari dai a ga jibi. Mutane suna zaton mai damuwa ya fi kowa kiyayewa. Ba haka ba ne. Ni damuwata ta cinye lokacin da ya kamata in yi wani abu a ciki. Haka sanyi ya wuce, bazara ta shigo.

Wata rana matata ta same ni ina gyaran shinge ta ce, "Wai ranar Asabar za a kai su Magarya jarrabawar ispor. Ita ake fara yi kafin ta rubutu."

Igiyar da ke hannuna ta faɗi. Na ce, "Wace jarrabawar ispor?"

"Wadda aka gaya maka ka ce wasa ne."

Na rasa inda zan sa kaina. Na je na tsare taubashina, ya sosa ƙeya ya ce shi ma ya ji ana yi, amma ai ba a ɗaukar ta da muhimmanci. Na ce to me ya sa ka ce sai soja? Ya ce, "Kai ma me ya sa ka tambayi mai moto maganar lakwal?" Na dawo gida ina lallashin kaina. Na ce ai yarinyar ta fi su duka ƙarfi. Wadda ke ɗaga bido, wato jarka, cike da ruwa ta aza a kai ba mai taimako, ƴan matan gari masu shan shayi da burodi ne za su wuce ta? Na sa uwarta ta dama mata fura mai kauri kwana uku a jere. Iyakar shirin da na yi mata ke nan.

Ranar Asabar aka kwashe su a mota tun da safe. Ni kuma na kasa zama. Na ce wa mutanen gida zan je ganin farashin wake, na cika gora da fura, na hau bayan taubashina. Duk hanya ina tunanin kada ta faɗi don zafi, kada ta suma ba kowa nata a kusa. Ka ga har a ranar, abin da nake tsoro daban, abin da ke jirana daban.

Filin babba ne, an zana shi da toka layi-layi. Yara daga kolej da yawa, malamai da takardu a hannu, iyaye da ƴan kallo a bayan shinge. Na samu wuri na laɓe inda ba za ta gan ni ba.

Da jifa aka fara. Wani dunƙulen ƙarfe ne kamar ƙwallon goruba babba, yarinya ta shiga cikin da'ira, ta aza shi a gindin wuya, ta tunkuɗa. Na ga suna yi ɗaya bayan ɗaya, wasu ko taki huɗu ba ya kaiwa. Na ce a raina, yau za a ga ƴar manomi. Aka kira ta. Ta ɗauki ƙarfen kamar ba komai, ta riƙe shi da hannu biyu, ta sunkuya, ta wurga shi daga ƙasa yadda muke wurga damin gero kan rumbu. Wallahi ya wuce inda na kowa ya faɗi, har mai awo ya yi tsalle gefe. Ban san lokacin da na ce "Yauwa!" da ƙarfi ba.

Sai na ga malamin da ke rubutu ya kaɗa hannu. Ba a auna ba. Aka dawo da ƙarfen.

Na juya wajen wani dattijo da ke kusa da ni na ce, "Me ya faru? Ba ita ta fi nisa ba?"

Ya ce, "Ba haka ake jefawa ba. Da hannu ɗaya ne, daga wuya."

"To ba nisa ake nema ba?"

"Nisa ake nema, amma ta hanyarsa."

Na kasa gane wannan. Mushensu ya matso da sauri ya nuna mata, ya kama gwiwar hannunta ya ɗaga. Ta gwada. Ƙarfen ya zame daga wuyanta ya faɗi dab da yatsun ƙafarta. Ta sake, ya ɗan matsa kaɗan. Abin da aka rubuta ke nan.

Aka koma tsalle. Rami ne cike da rairayi, da katako a gabansa. A rugo, a taka katakon, a tashi. Wanda ƙafarsa ta wuce katakon, ko da ya tashi sama kamar shirwa, ba a lissafa masa. Sauran yaran na ga kowace tana ƙirga takunta da baya kafin ta fara, tana sa alama da tsinke. Ƴata ba ta san ana ƙirgawa ba. A tsalle na farko ta wuce katakon. Na biyu ma ta wuce. Na uku, don tsoron wucewa, ta tsaya cak a bakinsa, sannan ta dira da ƙafa biyu kamar mai tsallake kwata.

Gudu shi ne na ƙarshe, shi ne kuma wanda nake gani in na rufe ido. Aka jera su shida. Wani malami ya ɗaga katako biyu ya buga. Biyar suka fita kamar an harba su. Ita ta ɗan tsaya tana duban mushenta, ba ta san bugun nan shi ne izini ba. Da ta tashi kuwa, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon shekarun da nake ganin yarinyar nan. Wuyanta a sandare, kanta ba ya motsi ko kaɗan, hannayenta a manne da jiki, takunta gajere-gajere da sauri. Gudun mai ɗauke da ruwa ne, wadda ke tsoron kada ya zube. Ba komai a kanta, amma jikinta bai sani ba.

Wata yarinya daga cikin ƴan kallo ta ɗaga murya ta ce, "Ke, sauke tulun mana!"

Filin ya ɗauki dariya. Har dattijon da ke kusa da ni ya dara, ya ce, "Ko ƴar wa ce, oho."  Na riƙe gorata da hannu biyu.

Da aka tashi na same ta a gindin wata bishiya ita kaɗai, ta sa kai tsakanin gwiwoyi. Ban taɓa zuwa na tsaya a kanta haka ba. Na miƙa mata gorar na ce, "Ungo, sha. Gajiya ce da rana."

Ta ɗago, ta ga ni ne, ta yi saurin gyara zama. Ta karɓi gorar ta ajiye ba ta sha ba. Tana kallon ƙasa ta ce, "Baba, ban gaji ba. Ban iya ba ne."



Ta ce, "Duk Talata in na iso sai in tarar sun gama, suna kakkaɓe ƙafa suna dariya. Su shiga kilas suna ta maganar wadda ta faɗi da wadda ta ci. Ni ban san abin da ake wa dariya ba."

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Ba a tambaye ni ba."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakanina da ita tun da aka haife ta.

Aka yi jarrabawar rubutu bayan makonni. Ranar da aka kira sunayen waɗanda suka ci, ba a kira nata ba. Aka ce kaɗan ya rage. Wannan "kaɗan" ɗin ya zauna mini a ƙirji duk daminar. Ina noma ina tambayar kaina, kaɗan ɗin nan ni ne, ko ba ni ba ne? Kolej suka ce suna iya karɓar ta ta sake ajin sau ɗaya. Amma yarinyar ta gaya wa uwarta ba za ta koma ba. Sunan nan ya biyo ta har gida, ƴan ajinsu in sun gan ta a kasuwar Waca sai a ji wani ya ce "sauke tulun" a wuce. Ta tattara littattafanta ta sa a kwando ta rataye.

Da aka kusa komawa lakwal na je na sami mushen. Na cire takardunsa biyu daga aljihu na ajiye a gabansa, ban san ma dalilin da ya sa na yi haka ba. Na ce, "Mushe, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Makin ispor ne ya kayar da ita?"

 Ya ce, "Lissafi ma ya ja ta ƙasa, Baba. Amma yaran ƙauye da yawa da ispor suke cike ramin lissafi. Ita ba ta samu abin cikewa ba." Ya ga yadda fuskata ta yi, sai ya ce, "Tashi tsaye."

Na tashi.

"Ɗaga hannayenka biyu sama, su miƙe, su taɓa kunnuwanka."

Na ɗaga. Na dama ya kai rabi ya tsaya, kafaɗata ta yi ƙara. Na yi ta kokawa, bayana ya ƙi miƙewa. Wasu yara da ke sharar fili suka tsaya kallo.

Ya ce, "Ka fi ni ƙarfi sau uku, in muka yi kokawa ƙasa zan sha. Amma shekara nawa kana duƙe a kan hauya? Aiki hanya ɗaya yake koya wa jiki, ya yi ta nanata ta har jikin ya manta sauran. Ni aikina in tuna wa yaran nan sauran tun ba su manta ba." Ya zauna, ya ƙara da cewa, "Kuma ka duba ranar yarinyar nan. Ruwa na gida ne, daka na gida ne, kilas na malamai ne. Awa ɗayan nan ce kaɗai ake ce mata ga fili, ga jikinki, gwada ki ga abin da zai iya. Ta faɗi a yi dariya, ta tashi, gobe ita ta yi wa wata."

Ba zan ce na gane duka ba. Na tambaye shi me ya sa to ba a auna jifanta na farko ba, tunda ya fi nisa. Ya ce doka ce, kowa hanya ɗaya, don a san an yi adalci. Na ce to. Har yau ina ganin da an auna.

Na dawo gida da tambaya ɗaya: in ta koma, wa zai ɗebo ruwan Talata da Alhamis? Bayan uwarta bai warke ba, ƙannenta ƙanana ne. Na juya ta kowace fuska, amsar ɗaya take fitowa, ni kuma ina kauce mata. A ƙauyenmu magidanci yana shayar da dabbobi a rijiya, wannan ba abin magana ba ne. Amma ya bi layin mata da sassafe yana ɗibar ruwan girki, ban taɓa gani ba.

Aka buɗe lakwal, mako guda ya wuce, kwandon littattafai yana rataye. Ranar Talata bayan sallar asuba na ɗaura wa jaki bido huɗu na nufi rijiya. Matan suna ganina aka fara tsokana. Wata tsohuwa, ƙawar uwata, ta ce, "Ikon Allah! Yau kuma amarya muka yi a rijiya? Ku matsa mata, kada lallenta ya goge." Wata ta ce in na gama in zo in taya ta daka. Taubashina ya wuce a moto, ya taka birki, ya yi dariya har ya kusa faɗuwa, ya ce zai sayo mini zane a Magarya. Na ja gugan. Rabin ruwan a ƙafata ya zube.

Da na shigo gida tana tsaye a bakin turmi, ta ga jakin, ta ga ƙafata a jiƙe. Wannan karon ban bi ta wajen uwarta ba. Na ce, "Ruwan Talata da Alhamis nawa ne daga yau. Amma ba umurni nake ba ki ba, tambaya nake. Kina so ki koma?"

Ta daɗe tana juya taɓarya a hannu. Ta ce, "Za su yi ta kirana da sunan nan."

Na ce, "Za su kira. Ni ma yanzu aka raɗa mini nawa a rijiya, amarya."

Uwarta ta fashe da dariya daga ɗaki. Yarinyar ta rufe baki da gefen hijabi, kafaɗunta suna rawa.  Ranar Alhamis ina ɗaura wa jaki kaya na ga ta fita da jakarta, rana ba ta fito ba.

Shekarar nan duka na yi ta a layin rijiya, har matan suka gaji da tsokana suka fara riƙe mini wuri. Ita kuma ba ta zama gwanar gudu ba, kada in ƙara gishiri. A jarrabawa ta biyu ta zo ta huɗu cikin shida, tsallenta biyu aka lissafa, a jifa kuwa ba wadda ta kama ƙafarta. Ta dage da lissafi, ta samu birebe, ta wuce. Ban je kallo ba a karo na biyu, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Labari aka kawo mini.

In aka tambaye ni yau mene ne amfanin yaro ya rugo ya faɗa cikin ramin rairayi, ba zan iya ba da amsar da za ta gamsar da manomi ɗan'uwana ba, don ni ma wani gefen kaina bai gama gamsuwa ba. Abin da na koya dai shi ne aiki ba ya maye gurbin wasa, ko da zufar iri ɗaya ce, kuma yaron da ya fi kowa aiki a gida shi ya fi kowa bukatar wannan awar. Na kuma koyi cewa mutum yana iya cutar da ɗansa da tausayi tsantsa, in ya yanke masa abin da ya dace bai buɗe baki ya tambaye shi ba. Shekara guda ta rayuwar ƴata ta tafi kafin in gane haka, kuma ita ta biya, ba ni ba.